Ko firesof ɗaya ya gagare ni, daga ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 33, nauyina kilo 80, sana'ata ɗinki, kusan a kan keke nake yini. Na yi niyyar fara motsa jiki, sai na gwada firesof, wallahi ko ɗaya na kasa. Ina sauka ƙirjina ya manne da ƙasa, hannuwa suka ƙi tashi da ni. Abokaina suka ce in riƙa dagewa kullum, wata rana zai zo. Na yi kwana huɗu, kafaɗata ta dama ta kama ciwo, na haƙura. Ba ni da kuɗin zuwa gidan motsa jiki. Akwai wata hanya, ko jikina ne ba na wannan abin ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Aikina gashin ƙashi da jijiya ne a asibiti, da yamma kuma ina horar da masu motsa jiki, kuma wannan tambayar taka tana cikin waɗanda na fi ji. Yawanci ma sai kowa ya watse ake jawo ni gefe a yi min ita, domin magidanci yana jin nauyin a san cewa abin da yaronsa ɗan shekara goma yake yi da wasa, shi ya gagare shi. Yaron nan duka-duka kilo 30 ne, kuma kullum yana bisa katanga ko reshen darbejiya. Kai kuwa bari mu yi lissafin abin da ka ɗora wa hannuwanka.

A 2011 wasu masu bincike a Amurka sun sa mutane yin firesof iri-iri a kan wani faranti mai auna nauyi, don a ga nawa ne yake sauka a kan hannuwa. A firesof na sosai, tafin hannu da yatsun ƙafa a ƙasa, sun samu kashi 64 cikin 100 na nauyin jiki. Kai mai kilo 80, kilo 51 ke nan. Buhun siminti kilo 50 ne. Da wani zai kwantar da kai rigingine ya aza maka buhun siminti a ƙirji, ya ce ka cira shi sama da hannu biyu a ranarka ta farko, in ka kasa ai ba za ka zargi halittarka ba. Cewa za ka yi a rage kayan. To abin da ya same ka ke nan, kaya ne suka fi ƙarfinka a yanzu, kuma maganin kayan da suka yi yawa a rage su.

Mai ɗaga ƙarfe idan abu ya yi masa nauyi, faifai ɗaya yake zarewa daga sandar. Kai jikinka ne ƙarfen, babu abin zarewa, don haka dabarar ita ce ka ɗaga wurin da kake dafawa. Duk yadda hannuwanka suka ƙara nisa daga ƙasa, nauyin yana komawa ƙafafu. A wancan awon, da aka ɗora hannuwa a kan akwati mai tsayin santimita 30, nauyin ya sauko kashi 55. A kan mai santimita 60 ya sauko kashi 41. A jikinka wannan na nufin kilo 44 da kilo 33. A jikin bango kuwa, kana tsaye, abin da ya rage ɗan kaɗan ne. Tsakanin bango da ƙasa akwai matakai da yawa, kuma aikinka na watanni biyu ko uku masu zuwa shi ne ka sauko su ɗaya bayan ɗaya. Duk sauran abin da zan faɗa ƙarin bayani ne a kan wannan.

Shawarar abokanka da kyakkyawar niyya suka ba ka, amma ita ta jawo maka ciwon nan. Tsoka tana ƙara ƙarfi ne idan ta yi aiki mai wuya wanda za ta iya kammalawa, sau da yawa, sannan ta huta. Yunƙurin ɗaga abin da ko motsi ba ya yi, kullum babu hutu, gaɓa ce take biyan bashinsa. Ina kuma kyautata zaton lokacin da kake kokawar tashi ka buɗe gwiwoyin hannunka waje, kafaɗu suka haɗe da kunnuwa, domin haka kusan kowa yake yi idan ƙarfi ya ƙare. A wannan yanayin gaban kafaɗa ne yake ɗaukar wahalar.

Saboda haka kafaɗar nan za mu fara sallama. Kada ka fara komai sai ka ga kana iya ɗaga hannun sama gaba ɗaya, kana zura riga kana cirewa, kana kwanciya a ɓangaren, duk ba tare da ciwo mai suka ba. Irin wannan yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kada kuma ka naɗe hannun ka hana shi motsi, ka ci gaba da harkokinka. In ya wuce mako biyu bai sassauta ba, ko yana tashinka daga barci, ko ka ji hannun ba ya da ƙarfin ɗauko buta, ka je asibiti ka nemi sashen gashi a duba ka. Kada a kai ka wurin mai ɗori a murɗa, babu abin da ya goce.

Da ta lafa, sai neman wurin farawa. Kai ka yi sa'a, domin teburin yankanka kusan tsayin ƙugu ne, kuma yawancin masu farawa irinka a nan suke dacewa. Ka jingina shi da bango don kada ya zame. In ya yi maka wuya ka koma jikin bango, ka ja ƙafafu baya kamar taku biyu. In ya yi sauƙi ka sauko kan benci, ko dakali, ko gefen gado mai ƙwari. Abin da ya fi duka shi ne matakalar bene, in akwai a gidanku ko a kasuwarku, saboda kowace mataka tazararta kaɗan ce, kamar santimita 15 zuwa 18, ga shi ba ta motsi. Ka tsaya a ƙasa, ka dafa ta biyar ko ta huɗu, daga baya ka sauko ta uku, haka har ƙasa. Bulo ma yana yi, mai inci 9 ɗin nan kusan santimita 23 ne, sai ka jera su ka riƙa zare ɗaya-ɗaya, amma ka shimfiɗa tsumma don tafin hannu. Kujerar roba kam ka rabu da ita. Na ga wanda ta watsar, haƙorinsa na gaba ya tafi.

Yadda za ka gane ka samu tsayin da ya dace: ka iya yin takwas zuwa goma masu kyau, ka tsaya kana jin da an matsa maka za ka ƙara biyu. In kana wuce ashirin, wurin ya yi sama, ɓata lokaci kake. In ba ka kai biyar, ya yi ƙasa, ka hau. Girman kai a nan yake kayar da mutane. Mutum ya ga cewa dafa tebur aikin tsofaffi ne, ya zaɓi benci, ya yi guda huɗu a karkace, bayan wata guda yana nan inda yake.

Yanzu ga abin da nake nufi da "masu kyau", kuma a nan zan daɗe, domin yadda ka saba a kan tebur haka za ka yi a ƙasa.

Hannuwa su ɗan fi faɗin kafaɗa kaɗan, yatsu a baje suna kallon gaba. Idan ka sauko, tafukan su kasance a gefen ƙirjinka, daidai kan nono ko ƙasa kaɗan. Da yawa suna ajiye su daidai fuska, sai ka ga mutum yana kai goshi kamar mai sujada, ƙirji bai je ko'ina ba. Gwiwar hannu kuma kada ta buɗe waje kamar kaza ta baje fukafukai a rana, kada kuma ka matse ta jikin haƙarƙari. Tsakiya ake so. Wanda ya leƙo ka ta sama ya ga siffar kibiya, kanka ne tsinin, damatsan sun koma baya a karkace. Dabarar da take taimaka wa ɗalibaina ita ce, bayan ka dafa, ka yi kamar za ka murɗa tafukanka waje ba tare da sun motsa ba, kamar mai buɗe murfin kwalba biyu a lokaci ɗaya. Gwiwoyin da kansu za su dawo inda ya kamata.

Daga ƙeya zuwa diddige jiki ya miƙe kamar taɓarya. Wannan ba ya samuwa sai ka matse mazaunai, ka ɗaure ciki kamar wanda ya ga naushi na zuwa. Mutane suna ɗauka firesof aikin ƙirji da damtse ne kawai, alhali rabin aikin riƙe tsakiyar jiki ne. In ciki ya saki, ƙugu zai lotsa, tumbi ya riga ƙirji isa, gadon baya ya fara ƙorafi. In kuma ka turo mazaunai sama don ka rage wa kanka wahala, to ka rage, amma ba firesof kake yi ba. Wuya ya bi layin baya, ido a kan wurin da ke ɗan gaban yatsunka.

Ka sauka a hankali, kamar ƙirga ɗaya, biyu, har ƙirji ya taɓa bakin teburin. Ya taɓa fa, ba ya kusa ba. Rabin sauka rabin ƙarfi yake ginawa, kuma daidai wurin da ka maƙale ranar nan, can ƙasa, shi ne wurin da masu rabin sauka ba sa taɓa horarwa. Sannan ka ture teburin har hannuwa su miƙe, ka ƙara turawa kaɗan har ka ji allunan kafaɗarka sun buɗe a baya. Akwai wata tsoka a gefen haƙarƙari, ƙarƙashin hammata, wadda take riƙe allon kafaɗa a jikin ƙirji, wannan ƙarin turawar ita take tasar da ita, kuma lafiyar kafaɗa ta dogara da ita ƙwarai. Ka shaƙi iska kana sauka, ka fitar kana tashi. Kada ka riƙe numfashi har jijiyoyin wuya su fito.

Abin da jiki yake gaya wa mutum da abin da yake yi a zahiri sukan bambanta. Ka jingina wayarka a gefe ta ɗauke ka bidiyo sau ɗaya a mako. Kusan duk wanda na sa ya yi haka sai ya ce, "Wai ni ne wannan?"

Tsarin mako kuwa mai sauƙi ne. Kwana uku, da kwana ɗaya na hutu a tsakani, misali Asabar, Litinin da Laraba. Ka fara da ɗumama jiki na minti biyar: jujjuya kafaɗu da wuyan hannu, tafiya da sauri a tsakar gida, sai guda goma marasa wuya a jikin bango. Daga nan zagaye uku a tsayin da ka zaɓa, kana hutawa minti biyu tsakanin kowane zagaye. Hutun nan ka cika shi, ba lalaci ba ne, shi yake sa zagaye na uku ya yi kyau kamar na farko. Da zarar ka ji ƙugu ya fara lotsawa ko gwiwar hannu ta fara buɗewa, zagayen ya ƙare ko da lissafi bai cika ba. Ranar da ka yi 12, 12, 12 masu kyau, ka sake maimaita hakan a zama na gaba, to ka sauko mataki ɗaya. Za ka ga adadin ya faɗo zuwa shida ko bakwai. Haka ake so, sai ka sake hawa da shi zuwa 12. Ka ware shafi ɗaya a bayan littafin awonka, kana rubuta kwanan wata, tsayin da ka dafa, da adadin kowane zagaye. Wanda ba ya rubutawa, a mako na uku zai rantse babu abin da ya canza, alhali ya tashi daga bakwai ya kai goma sha ɗaya.

Wani abu zai ba ka mamaki a makonnin farko: ƙarfi zai ƙaru da sauri, madubi kuwa ba zai nuna komai ba. Dalili shi ne a farkon horo ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo ne suke koyon aikin. Tsokar tana nan tun da, amma ba a saba kiran dukkan zaruruwanta lokaci guda ba, kuma ƙirji da damtse da ciki ba su saba haɗa kai ba. Kamar ranar da ka fara taka keken ɗinki ne, ƙafa da hannu kowa na nasa, ba don ƙafar ba ta da ƙarfi ba. Girman tsoka da ido zai gani sai an yi kamar wata biyu ana yi. Jijiyoyin da suka ɗaure tsoka da ƙashi kuma sun fi tsoka jinkirin sabawa, shi ya sa ko ka ji kana da ƙarfin tsallake matakai biyu a mako ɗaya, nake cewa ka bi su ɗaya-ɗaya.

Daga mako na uku ka ƙara abu guda, wato sauka kaɗai. Kowane ɗan dako ya san sauke kaya ya fi ɗora su sauƙi, kuma haka tsoka take, abin da za ta iya saukewa a hankali ya fi abin da za ta iya ɗagawa. Don haka tun kafin ka iya tashi daga ƙasa, za ka iya sauka zuwa ƙasa. Ka hau matsayin firesof na sosai a kan tabarma, hannuwa a miƙe, ka sauko kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu ko biyar har ƙirji ya taɓa, sannan ka sa gwiwa ka tashi yadda ya sauƙaƙa maka, ka sake. Guda uku sun isa a farko, daga baya biyar. In ka ga daga rabin hanya faɗuwa kake, ka yi shi a kan benci tukuna. Ka yi su a farkon zama, bayan ɗumama jiki, lokacin da ƙarfinka yake cike. Ina gargaɗinka, wannan ya fi kowane iri sa tsamin jiki, kada daɗinsa ya ja ka ka yi ashirin a ranar farko.

A ƙarshen zama ka tsaya a saman firesof, hannuwa a miƙe, jiki kamar taɓarya, daƙiƙa 20 zuwa 30, sau biyu. In ka kai daƙiƙa 45 ba tare da ƙugu ya lotsa ba ya wadatar, ba gasa ake ba.

Za ka ji ana cewa ka fara da na gwiwa, wato ka durƙusa ka yi. Ba laifi ba ne, kuma masu kiransa "na mata" surutu kawai suke, domin kashi 49 na nauyin jiki ne, a wurinka kilo 39, ya ma fi na kan akwatin santimita 60 nauyi. Abin da ya sa ban fifita shi ba, daga kilo 39 sai ka yi tsalle zuwa 51, babu mataki a tsakani, kuma ba ya koya wa ciki da cinyoyi riƙe dogon jiki. Na sha ganin mai yin ashirin a gwiwa ya kasa ɗaya a ƙafa. In ka yi tafiya ka sauka inda babu abin dafawa, yi shi, ya fi zama haka nan.

Saboda sana'arka zan ƙara maka abin da ba ka tambaya ba. Mai yini a sunkuye kan keke, kafaɗunsa sun riga sun zubo gaba, firesof kuma aikin gaba ne. In ba ka haɗa da na ja ba, sunkuyon zai iya ƙaruwa. Ka sami jarka mai lita 10, cike da ruwa kilo 10 ke nan, ka dafa benci da hannu ɗaya, baya a miƙe, ka jawo ta zuwa ƙugu da ɗaya hannun sau goma zuwa goma sha biyu, ka juya. Zagaye uku. Ka haɗa da tashi da zama daga kujera sau goma sha biyar ba tare da dafa gwiwa ba. Duka zaman ba zai wuce minti 25 ba.

Inda mutane suka fi daɗewa shi ne tazarar ƙarshe, daga mataka ta ɗaya ko bulo guda zuwa ƙasa. Idan ka kai kana yin takwas zuwa goma a can, kuma kana iya sauka na daƙiƙa biyar ba tare da faɗuwa ba, ka gwada ƙasa a ranar da ka huta sosai, a farkon zama. In ya tashi, alhamdu lillahi. In ya maƙale, ka ninke yadi ko bargo ka ajiye ƙarƙashin ƙirji, tudun kamar faɗin tafin hannu, ka riƙa sauka kansa kana tashi, duk mako kana rage ninki ɗaya. Ranar da ɗaya ya samu, kada ka ce sai ka ga iyakarka. Ka yi ɗaya, ka huta minti guda, ka sake ɗaya, har sau biyar, sannan ka koma mataka ka cika sauran aikin. Ɗaya-ɗaya masu kyau guda biyar su suke zama biyu-biyu, su zama uku-uku. Daga ɗaya zuwa biyar ya fi saurin zuwa a kan daga babu zuwa ɗaya.

Wata nawa zai ɗauka? A cikin waɗanda na horar masu shekaru da nauyi irin naka, akasari tsakanin mako shida da mako goma sha biyu suke samun na farko, wasu su haura haka, musamman masu jiki sosai. Nauyi yana da hannu a ciki kai tsaye: duk kilo 5 da ka rage, ka sauke wa hannuwanka kilo 3 da ɗoriya. Sai dai kada ka sa ran firesof zai narkar da tumbi. Kitse ba ya barin wuri don an motsa tsokar da ke kusa da shi. Wannan aikin kwano ne da tafiyar ƙafa, rage lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu, da taka sayyada minti talatin a yawancin ranaku.

Sai ka iya rarrabe tsamin jiki da ciwo. Tsami yakan zo washegari, ya fi tsanani a kwana na biyu, ya tafi cikin kwana uku zuwa biyar. A cikin naman ƙirji da bayan damtse ake jin sa, ɓangare biyu daidai, kuma yana sassautawa in jiki ya ɗumi. Wannan ba ya hana horo mai sauƙi. Ciwo kuwa a gaɓa yake, wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa, yana suka, yana ƙaruwa in ka ci gaba. Shi ake tsayawa dominsa. In wuyan hannu ne ke damunka, ka dunƙule hannu ka dafa a kan tsumma mai kauri, ko ka kama bakin benci yadda wuyan hannun zai miƙe. Kada ka sha maganin kashe ciwo don ka samu ka yi horo, balle tiramol, domin ka kashe mai gadin da zai gaya maka ɓarawo ya shigo.

Akwai alamun da ba a jira da su. Ciwo ko nauyi a tsakiyar ƙirji mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, jiri, ko numfashi ya gagara fiye da ƙima, ka tsaya ka tafi asibiti. Haka in bayan horo mai tsanani damatsa suka kumbura, fitsari ya koma kalar shayi ba madara. Wannan alamar tsoka ta farfashe ne, abin da ta zubar cikin jini yana iya taɓa ƙoda, kuma an fi ganinsa ga sabon shiga da ya yi wa kansa ɗari a rana ɗaya cikin zafi. Idan kana da hawan jini, ko sikila, ko ƙaba, ko an taɓa yi maka aiki a ciki, ka fara shawartar likitanka. Ko ba ka da ko ɗaya, a shekarunka ya kyautu ka auna jininka, tunda hawan jini ba ya sallama. A watannin bazara ka yi da sassafe ko bayan magariba, da ruwa a kusa.

Abinci ba sai ka sayi garin gina tsoka na gwangwanin nan mai tsada ba. Abin da tsoka take buƙata furotin ne, kuma yana cikin abin da muke ci: wake, alale, ƙosai, awara, ƙwai, kindirmo, ƙuli-ƙuli, kifi, nama in ya samu. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6. Ka dai tabbata kowane cin abinci akwai ɗaya daga cikinsu, kada ya zama shayi da burodi da safe, taliya da rana, tuwo da dare, duk gari a kan gari. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe kuwa ka yi nesa da su. Da yawansu ruwa da kitse suke tarawa, wasunsu ma tsokar suke cinyewa, su jawo ciwon suga da hawan jini. Barci kuma ka nemi awa bakwai, don a cikinsa ake gyaran abin da horo ya motsa.

Na san telan da zai yi barcin awa bakwai a goman ƙarshe na azumi ba a haife shi ba tukuna. Idan ɗinkin sallah ya taso, ka rage zuwa kwana biyu a mako, zagaye biyu, a tsayin da kake, bayan an sha ruwa abinci ya ɗan faɗa. In ma ya gagara gaba ɗaya na mako biyu, ƙarfin ba zai gudu ba. Bayan sallah ka hau mataki ɗaya sama da inda ka tsaya, cikin mako guda za ka dawo.

Wataƙila cikin abokan naka wani zai turo maka labarin nan da ke yawo a WhatsApp, cewa mai yin firesof 40 ba ya ciwon zuciya. Asalinsa binciken da masana na jami'ar Harvard suka fitar a 2019, inda aka bi ma'aikatan kashe gobara maza 1,104 a jihar Indiana tsawon shekara goma, aka ga waɗanda suka haura 40 sun fi waɗanda ba su kai 10 ba ƙarancin matsalar zuciya nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, amma firesof ɗin ma'auni ne na lafiyar jikinsu gaba ɗaya, ba shi kaɗai ya tsare su ba, kuma mutane ne da aikinsu na ƙarfi ne. Kada adadin ya tsorata ka ko ya sa ka gaggawa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take nema ga baligi shi ne aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, tsarin da na ba ka ya riga ya cika wannan tun kana kan tebur.

Ranar da kafaɗar ta sake ka, kafin ka buɗe shago, ka tura teburin yanka jikin bango, ka gwada, ka rubuta adadin da ka samu a littafin awo. Bayan mako huɗu ka sake rubuto min tsayin da kake dafawa, adadin zagayenka uku, da yadda kafaɗar take ji, in ya yiwu ka haɗo da bidiyon gefen nan, sai mu ga ko lokacin saukowa benci ya yi.